Baffa da Cikin Talotalo

Daga Allah muke, can kuma muka dosa, Baffa ya dai riga mu isa ne. Ya rasu a nan Doha a farkon azumin bana, a nan muka binne shi, don ya sha faɗa cewa kada wanda ya kuskura ya sa shi a akwati ya loda a jirgi kamar kayan 'yan kasuwa.

A ɗakinmu na unguwar Mu'aither aka yi zaman makoki. Muka jingine katifu a bango, muka shimfiɗa tabarmi har bakin ƙofa. Direbobi da masu gadi suna ta shigowa da kayan aiki a jikinsu, wasu sun taso, wasu yanzu za su. Ban taɓa zaman makokin da aka yi dariya irin wannan ba, kuma ban ga laifin kowa ba. Mutum zai shigo ya ce, “Ya haƙuri?” ya zauna ya yi addu'a, can sai ka ga yana shafa ƙeyarsa ko kuncinsa yana murmushi. Kowa da inda Baffa ya taɓa shi.

“Ni a kunne ya same ni,” in ji wani direba. “Na yi fakin na tare masa get. Wallahi har yau in jirgi ya wuce ta wannan gefen ba na jin sa sosai.”

“Kai naka da sauƙi,” in ji abokin Baffa, wani mai gadi mutumin zangon Kumasi, wanda duk muke kira Ɗan Kumasi. “Ni yatsa ɗaya na sa cikin dambu, ban wanke hannu ba. Baba ya buga ni paa, na ga Kumasi daga nan.” Ya yi dariya har ya riƙe ciki, daga nan dariyar ta juye, ya rufe fuska da hularsa ya yi ta kuka, aka rasa mai ba shi haƙuri.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, bai yi kuka ba. Yayana, babban ɗan Baffa, yana zaune a lungu kusa da firij, leɓɓansa a haɗe kamar yadda ya saba riƙe su don kada a ga giɓin da ke bakinsa. Duk wanda ke ɗakin ya san abin da ya faru a maƙabarta. Kafin a yi sallah Malam, limamin da ke ja mana jam'i, ya juyo ya ce, “Jama'a, wannan bawan Allah ya zauna da ku, kun san halinsa. Don Allah a yafe masa.” Sahu ya ɗauka gaba ɗaya, mun yafe, Allah Ya yafe mana. Malam ya dubi Yaya shi kaɗai ya sake faɗa. Yaya ya dubi ƙasa. Aka jira, aka gaji, aka ta da kabbara. Shi ya shiga kabarin ya karɓi ubansa, shi ya jera masa bulo, amma kalmar nan ba ta fito daga bakinsa ba. Mu kuwa tun muna yara aka koya mana cewa haƙƙin mutum ba ya sauka daga wuyan mamaci sai mai shi ya sauke. Wannan ne ya hana ni sukuni duk azumin nan, shi ne kuma ya sa na zauna rubuta wannan.

Mu mahauta ne, daga Rano. Baffa wan mahaifina ne, ya yi dambe da ƙuruciya, tsagar magani tana nan a damtsensa na dama har ya koma ga Allah. Ya zo Doha da jimawa, ya zama direban wani gida a unguwar Al Thumama, uwar kafil ɗinsa, wato maigidan da ya ɗauke shi aiki, yake tuƙawa, suka ba shi ɗaki a bakin get da izinin shiga kicin ɗin waje. Shi ya yi mini hanya na zo nake gadi a wani kanti a Nu'aija, shi ya yi wa Yaya hanya tun kafin ni. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, ba ya dogon zance. In ya ce maka abu sau ɗaya bai ga ka motsa ba, na biyun a jikinka za ka ji shi, sannan ya ce, “Kalas,” wato an gama, ya ci gaba da abin da yake yi kamar ba a yi komai ba. Na so shi, na kuma ji tsoronsa har ranar da na ga an rufe shi. Ba zan yi masa ƙaryar sanyin hali don ya mutu ba, da yana ji ma da sai ya mare ni.

A gidanmu ana kwana da nama a tashi da nama, shi ya sa ranar Ƙaramar Sallah ba mai son ganin jan nama a kwano. Talotalo muke yanka. Kakarmu ce ta fara kiwonsu, da ta rasu abin ya koma hannun Gwaggo, yayar su Baffa, wadda ta goya su ta raine su. Ba naman ne abin magana ba, cikin ne. Ana turara tsakin masara ya yi rabin dahuwa, a zuba masa zogale da dakakkiyar gyaɗa da albasa da yaji, a yayyanka hanta da ƙundun talotalon a ciki, a kwarara man shanu har ya yi sheƙi. Sai babba a gidan ya buɗe cikin tsuntsun ya fara kiran suna, daga mafi tsufa har jaririn da aka raɗa wa suna jiya. Wanda aka kira in yana nan ya dintsi dambun ya sa da hannunsa, in ba ya nan babban ya sa masa. Ba a kiran matattu. Shi ya sa a wajen nan ne ake sanin wa ya ragu a gida, za ka ga mata suna share ido in an zo gurbin da babu kowa. In an gama sai a ɗinke da basilla a gasa. Mai rai kuwa ba a tsallake shi, sai in an cire shi daga gidan ne.

Baffa ya taho da wannan Doha bai rage ko zare ba. Tun Sha'aban yake bin masu zuwa daga gida da saƙon tsaki da busasshen zogale, kuma kaiconka in man shanu ya zube maka a jaka. Talotalon da ransa yake sayo shi a wata gona a bayan gari, ya ce na kanti mai ƙanƙara gawa ce da ba a san wanda ya yi mata sallah ba. A gonar yake yankawa. Zai taka fikafikan da ƙafa ɗaya, ya taka ƙafafun da ɗayar, ya ja wuƙa sau ɗaya tak, jini ya yi tsartuwa har gwiwarsa, tsuntsun yana dukan ƙasa shi ko gezau. Na taɓa kawar da kai, ya ce, “Ɗan mahauci ke nan? Je ka sayar da turare.”

A Rano suna kiran sunansa, shi kuma a kicin ɗin Larabawa yana kiran nasu, kowa da ɗan dintsinsa ƙanƙane don dangin da yawa. Abin da ya tsana a duniya shi ne zaƙi a cikin nama. Shekara da shekaru ana aiko masa da shinkafar gidan kafil da rago a kai, zabibi a warwatse, sai ya zauna ya tsince su ɗaya bayan ɗaya ya tara a gefen faranti. “Kashin awaki,” haka yake kiransu. “Mutanen kirki ne, amma ba su san abin da ake sa wa dabba a ciki ba.”

Alherinsa ma da ƙarfi yake zuwa. Wata shekara da zafi ya yi zafi, Ɗan Kumasi ya yanke jiki ya faɗi a bakin aikinsa, shugaban masu gadinsu ya sa aka kwantar da shi a ɗakin canza kaya ya kulle, wai kada masu wurin su gani, a jira a tashi. Wani ya kira Baffa. Ya zo ya tambayi makulli sau ɗaya. Da mutumin ya fara yi masa bayani, sai ya ɗaga shi ta kwalar riga ya manna shi da bango har takalmansa suka bar ƙasa, ya sa ƙafa ya ɓalle ƙofar, ya saɓo Ɗan Kumasi a kafaɗa ya kai shi asibiti a motar uwar kafil. Da an kai ƙara, da jirgi ne zai mai da shi Kano. Ba a kai ba, don mutumin ya fi shi abin ɓoyewa. A Sallar shekarar, da Baffa ya gama kiran dangi, sai ya tsaya ya ce, “Kai na Kumasi, wanke hannunka ka zo.” Tun daga nan sunansa ya shiga cikin talotalonmu, a ƙarshe, bayan jarirai.

Yaya ba irin ubansa ba ne, ko haka muka ɗauka. Dogo ne mai sanyin murya, a kicin ɗin wani otal ya samu aiki, ya fara da wanke tukwane har ya kai ga girki. Ƙarshen shekara in Turawa suna bikinsu, su ke gasa musu talotalo jere-jere, ya ƙware har shugaban kicin ɗin yana nuna shi ga baƙi. Yana son ubansa ya ga wannan. Iyakar abin da yake so ke nan, na sani don ni yake gaya wa.

Sallar da abin ya faru, muna saukowa daga idi uwar kafil ta ce a kai ta gaishe-gaishen 'yan uwa. Baffa ya ce mana, “Ku jira ni,” ya ja mota. Talotalon yana firij a fige tun jiya. Rana ta ɗaga bai dawo ba. Sai Yaya ya buɗe wata jaka da ya zo da ita: busasshen burodi yankakke, tuffa, zabibi, bota, da wasu ganyayyaki masu ƙamshi.

“Yaya, a jira shi,” na ce.

“Zai dawo a gajiye ya tarar an gama. Bar ni in huta da shi yau ɗaya. In ya ɗanɗana wannan zai manta da tsaki.”

“Sunaye fa?”

“A kira su a kan faranti. Yalla, yi sauri miƙo min basilla.”

Ya cusa, ya ɗinke, ɗinki mai kyau kamar na tela, ya sa a obin ya fara gasuwa. Gaskiya ƙamshin ya yi daɗi, har mai aikin gidan ta leƙo ta taga tana tambaya.

Baffa ya shigo da babbar rigarsa fara, ya tsaya a ƙofar kicin ya shaƙi iska. Bai yi sallama ba. Ya naɗe hannu da gefen riga ya jawo tiren, ya dire shi a ƙasa, ya sa yatsu ya tsinke zaren. Ya zura hannunsa na dama cikin tsuntsun da ke tafasa har wuyan hannu, ya dintso, ya buɗe tafinsa yana kallon zabibin da ke tururi.

“Sunan wa ka kira?”

“Baba, ka ɗanɗana tukuna...”

“Na ce sunan wa ka kira?”

“Haba Baba, ai abinci ne kawai.”

Muciyar da muke juya dambu tana jingine a jikin tukunyar gas. Ban ga lokacin da ya ɗauke ta ba, ƙarar kawai na ji, irin ta fasa ƙashi a kan gungume. Ta farko a baki ta sami Yaya. Ta biyu a muƙamuƙi, yana kan faɗuwa. Na shiga tsakani na tare ta uku da hannuna, na ji shi ya mutu har kafaɗa. Ɗan Kumasi ya rungumo shi ta baya yana ihu, “Baba, ɗanka ne! Ɗanka ne!” Baffa ya ja shi a bayansa har tsakiyar kicin kafin ya tsaya. Jini ya malale farin tayil, ya ɓata shaddar Sallar Yaya daga wuya zuwa cinya, haƙoransa na gaba suna ƙasa kusa da tiren, shi kuma yana rarrafe yana lalubensu kamar za a iya mayarwa. Fatar hannun Baffa ta riga ta tashi ta yi ruwa, bai ko duba ba. Ya jefar da muciyar, ya ce, “Kalas,” ya ɗauki talotalon ya fita da shi ya tura a kwandon shara na bakin titi.

A asibiti likita ya tambayi abin da ya same shi. Yaya ba ya iya buɗe baki, amma ya tattaro ƙarfi ya ce daga bene ya faɗo. Likitan ya dube shi, ya dubi hannuna da ya kumbura, ya sake tambaya. Ya sake cewa bene. Da ya faɗi gaskiya, 'yan sanda ne, sai kurkuku, sai jirgi, tsohon ya koma gida da kunya bayan duk shekarun nan. Aka ɗaure masa muƙamuƙi da waya, ya daɗe yana zuƙar kunu ta tsinke. Na je na gaya wa Baffa abin da ɗansa ya yi masa, ina zaton zai yi laushi. Ya ce, “Wa ya sa shi? Da ya faɗa su zo, ina nan zaune.”

Wataƙila da ya huce. Amma Gwaggo tana kwance ba lafiya a Rano a lokacin, kuma kafin lallen Sallah ya goge daga hannun mata aka bugo waya ta rasu. Na tarar da Baffa zaune a bakin gadonsa, hannun a naɗe da bandeji.

“Na san kwananta ne ya ƙare,” ya ce. “Ni ba jahili ba ne. Amma Sallarta ta ƙarshe a duniya, matar da ta goya ni, ban kira sunanta ba. Kuma ba zan sake kira ba har abada.” Wannan ne karo ɗaya da na ga hawayensa, kuma da ya lura ina kallo ya jefe ni da takalmi.

Da shekara ta zagayo Yaya ya zo. Ya durƙusa har ƙasa ya gai da ubansa, aka amsa masa ba a dube shi ba. Ya wanke hannu har gwiwar hannu ya shiga layi. Baffa ya buɗe tsuntsun ya fara. Ya kira Inna, matarsa, uwar Yaya. Ya kira mahaifina da mahaifiyata. Daga nan sai 'ya'ya, kuma Yaya ne babba, har ya riga ya sa hannu a kwano ya dintso. Baffa ya kira ƙanwar Yaya.

Yaya ya tsaya da dambu a hannu, sannan ya buɗe yatsunsa a hankali ya bar shi ya koma kwano, ya goge tafinsa a wando ya fita.

“Baffa, ka yi tsallake,” na ce.

“Ban yi ba. Sa naka ko ka bi shi.”

Ranar na ji haushinsa fiye da ranar muciya. Duka cikin fushi ne, wannan kuwa shekara guda ya yi yana shirya shi. Ya kira jarirai, ya kira mutumin Kumasi, ya ɗinke. Haka ya yi ta yi kowace Sallah bayan nan, Yaya bai sake taka Al Thumama ba, garin nan ɗaya suna ciki. Inna ta yi kuka a waya, Malam ya yi nasiha har ya gaji. Iyakar abin da na taɓa ji daga bakinsa, wani lokaci in na je gaishe shi zai ce, “Wancan na otal yana nan?” In ce yana nan. Ya ce, “To.”

Mutuwarsa ma da faɗa ta zo. Yana dawowa da uwar kafil daga asibiti, wata babbar mota ta shigo masa a shataletale saura kaɗan ta murƙushe su. Ya gyara fakin a gefen titi tsaf, ya kashe mota, ya fito ya nufi direban da hannu a sama. Bai ƙarasa ba ya faɗi. Tsohuwar ce ta fito da sandarta ta zauna a kan kwalta ta riƙe kansa har motar asibiti ta zo. Jini ne ya hau, ya fashe masa a ka. Bai farfaɗo ba balle ya bar wasiyya.

Ana tsakiyar azumi na je na sami Yaya a bayan otal ɗinsu da la'asar, wajen da suke fitowa shan iska. Na yi masa duk wa'azin da na iya. Ya bar ni na gama.

“Kowa ni yake bi in yafe,” ya ce. Tun da ya rasa haƙoran nan maganarsa take fita da ɗan fito. “To shi ya yafe min? Ya tafi yana fushi da ni, ka san abin da ake cewa a kan wanda uba ya mutu yana fushi da shi. Ni wa zan bi? Kai kake zuwa wajensa. Ya taɓa cewa wani abu?”

Na so in ƙirƙira masa, wallahi na so. Amma ba zan sa wa mamaci maganar da bai yi ba. Na ce yana tambaya ko kana nan.

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan.”

“Brek ɗina ya ƙare,” ya ce, ya koma ciki.

Inna ce ta ɗaga shi. Tana cikin takaba ta bugo masa ana jajibiri, ta ce tsakin da ubansa ya aika a kawo ya riga ya iso, wuƙa kuma ta zama tasa ko yana so ko ba ya so, in bai yanka ba kada ya sake kiranta uwa. Uwar kafil ta ce a yi a kicin ɗinta kamar kullum, wannan karon na ƙarshe kafin sabon direba ya shiga ɗakin. Yaya ya je gonar, ya taka fikafikan, ya ja wuƙa sau ɗaya. Da muka sauko daga idi ya tsaya a kan dambun da kansa, bai tambaye ni awon komai ba, ashe duk yana kansa. Na lura ba ya kallon wajen tukunyar gas.

Dambu ya haɗu yana sheƙi a babban kwano, sai ga Ɗan Kumasi ya shigo da leda a hannu, fuskarsa cike da murna. Da zuciya ɗaya ya yi, na rantse. Ya daɗe yana jin ciwon abin da aka yi wa Yaya, yana gani yau ce ranar da za a rama masa.

“Ɗan'uwa, yanzu kai ne babba,” ya ce. “Baba ya tafi, ba mai hana ka. Sa naka yadda kake so.” Ya farke ledar ya juye zabibi a kan dambun.

Ban ga tashin hannun ba. Na dai ga Ɗan Kumasi ya yi baya ya bugi ƙofar firij ya zube, leɓensa ya fashe, jini yana bin gemunsa yana ɗiga a sabuwar rigarsa. Yaya ya riga ya haye kansa, gwiwa a ƙirjinsa, hannun hagu a maƙogwaronsa, na dama ya rarumo muciya ya kai ta sama. Na ƙwala masa kira da duk muryata. Ya tsaya a haka, muciya a sama, yana huci, jijiyar wuyansa a miƙe. Sannan ya ɗaga kai ya dubi abin da ke hannunsa, ya sake ta ta faɗi bayansa.

Ɗan Kumasi ya tofar da jini, ya taɓa haƙoransa ya ji suna nan. Sai ya fara wata irin dariya da hawaye. “Hannun ne,” yake cewa. “Wallahi shi ne. Har nauyin.”

Yaya ya zame ya zauna a tayil. “Don Allah ka yafe min. Ban san na ɗaga ba. Wallahi ban sani ba, sai ganin ka na yi a ƙasa.”

“Na yafe, na yafe. Ni na jawo. Ɗaga ni.”

Muka wanke masa baki da ruwan gishiri. Daga nan mu uku muka zauna a ƙasa muka sa kwanon a tsakiya muna tsince zabibi. A haka Malam ya same mu, don kowace shekara yana zuwa cin talotalon. Ya dubi jinin da ke ƙofar firij, ya dubi leɓen da ya kumbura, ya ce, “Subhanallahi, ba dai an kuma ba?”

Yaya bai ɗago ba. “Malam, abin da ka tambaye ni a maƙabarta.”

Malam ya tsuguna a gabansa. “Ina jin ka.”

“Shekarun nan duk ina zaton ya duba ya ga ni ne, sannan ya buga. Yau na san ba a ganin kowa.” Ya ajiye zabibin da ke hannunsa a gefe. “Dukan na yafe. Haƙoran, da muƙamuƙin, da ƙaryar da na yi wa likita, duk na yafe masa duniya da lahira, ku shaida.”

“Alhamdu lillahi,” in ji Malam, ya ɗaga hannu zai yi addu'a.

“Tsaya, Malam. Sunana da ya tsallake, wannan yana gani ya yi. Hannuna yana cikin kwano. Wannan ban iya ba tukuna.”

“Ɗana, ba a raba yafiya biyu. Ubanka ne, yana kwance yana jira.”

“Na sani. Abin da nake da shi ke nan yau. In na ce duka, ƙarya na yi, kuma Baba ya tsani a yi masa ƙarya.”

Malam ya ɗaga hannun ya yi addu'ar a kan abin da aka samu, muka shafa. Yaya ya jawo kwanon gabansa ya ci gaba da tsinta.

Allah Ya jiƙan Baffa da rabin da ya samu, Ya ba Yaya tsawon ran da zai cika masa sauran.